Likkafanin da Gara Ta Ci

A ƙauyenmu, kusa da Karofane, idan ɗari ya shigo, Kaka Dije, mahaifiyar babana, takan hura wutar kara a bakin ɗakinta bayan sallar lisha. Mu jikoki mu kewaye ta, ita kuma ta jawo taskirar auduga da mazari. Kowa a gidan ya san abin da take kaɗawa. Zaren likkafaninta ne. Ba ta so a sa ta a ƙasa da yadin kanti.

"Ga ta nan, ga ta nan, wa ka karɓa?" in ji ta.

"Mu na, Kaka, ta taho!"

Gatanar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata mata mai tsananin tsabta, wadda gara ta cinye wa faifai. Matar ta tafi bakin suri ta zagi Sarkin Gara, ta ce su bar garin. Bai yi musu ba, ya kwashe jama'arsa, tsutsa da ruɓa suka bi su. Da fari mutane suka yi murna, zana ba ta faɗuwa, rumbu ba ya tsufa. Sannan karan bara ya ƙi kwanciya a gona. Kashin shanu ya zama dutse. Ƙasa ta koma fako, ruwan sama ya riƙa wucewa a kanta kamar baƙo mai sauri. Da mijin matar ya rasu aka binne shi, shekara ta kewayo yana nan yadda aka ajiye shi, ƙasa ba ta karɓe shi ba. Sai matar ta saƙa sabon faifai, ta kai bakin suri ta durƙusa.

Nan Kaka takan tsayar da mazari ta yi muryar Sarkin Gara: "Ke baiwar Allah, mu ba ɓarayi ba na. Aro munka zo maidawa." Sai ta ce ƙurunƙus kan kusu, ba don gizo ba da ta yi mana ƙarya, kowa shi tashi shi kwanta.

Masaƙi ya saƙa wa Kaka zaren, ta naɗe farin saƙin ta sa a adudu. Lokacin na shiga kwaleji a Madawa. Da na zo hutu na kawo mata leda sabuwa, na ce ta sa shi ciki saboda ƙwari.

Ta juya ledar, ta shinshina, ta kira ni yadda take kiran ƴan makarantar boko. "Ƴal lakwal, wagga aba mi ta ka ci? Wa ka cin ta?"

"Ba abin da ke cin ta, Kaka. Shi ne amfaninta."

"To, aje kayanki. Abin da ba shi mutuwa, ina ruwanshi da likkahwani?"

Ta rasu a shekarar farin nan, shekarar da aka fara aikin gyaran ƙasa a Keita. Ina gida. Mahaifiyata ta sauko da adudun, ta ɗaga murfi. Gara ta shiga ta gindi. Saman saƙin yana nan fari, a naɗe, amma da ta taɓa shi sai hannunta ya nutse cikin jar ƙasa. Babu ko kamu ɗaya mai kyau.

Ba a jinkirta gawa. Baba ya tafi wajen telan gari, abin da ya samu fari shi ne targal, yadin nan mai santsi da ƙyalli da ake ɗinka wa ma'aikata. Da shi aka suturce ta. Maza suka ɗauka suka tafi, mu mata muka zauna. Ban yi kuka ba. Ina kallon kaji suna tsattsagar garar da aka zazzage daga adudun.

Daga baya, a lise, babbar sakandare, malamin kimiyya ya bayyana mana cewa auduga da kara da itace asalinsu ɗaya, kuma akwai ƙananan halittu a ƙasa da cikin gara masu narkar da su su koma taki. Targal kuwa, ya ce, daga man fetur ake yin sa, ƙasa ba ta san yadda za ta ci shi ba. Na rubuta yadda ya faɗa. Na ma ci jarrabawar.

Yanzu nakan tuna tana can kwance, ita ta daɗe da komawa ƙasa, rigar tana nan ba kowa a ciki. Na san ba yadi ake tambayar mamaci ba. Wata rana nakan ce wa kaina gara ba ta ci amanar Kaka ba, gaba ta yi da kayan, ta kai mata su ƙasa kafin ta iso. Wata rana kuma ba na ce wa kaina komai.