Hoton da Ya Tsaya a Ido

Shagona na ɗaukar hoto yana bakin hanyar tasha a Tawa, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gaba. Mahaifina ne ya buɗe shi tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Da ya rasu na gaji kyamarori biyu da akwatin katako cike da fim na mutanen da ya ɗauka shekara da shekaru. Gara ta shiga akwatin, sai na duƙufa ina juye fim ɗin cikin ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci mini kusan shekara biyu. Da na gama na zubar da abin da gara ta bari, ina ganin na yi dabara. Aikin mahaifina da nawa duka suka koma cikin diski guda, ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, yana ajiye kan teburi kusa da fanka. Ban da kwafi a ko'ina.

Rabin aikina hoton matafiya ne. Da an gama girbi samari za su cika rumfar, daga Kalfu, daga ƙauyukan arewa, kowa yana son hoton katin shaida kafin ya kama hanyar biɗa, wato ci-rani. Wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya. Ina ba su kwafi huɗu su tafi, ni kuma in ajiye asalin a diski.

Wata ranar kasuwa cikin bazara wani dattijo ya yi sallama a ƙofa. Dogo ne siriri, rawaninsa ya rufe masa baki, Hausarsa da ɗanɗanon Tamashek, harshen Buzaye. Ya ce daga arewacin Takanamat ya taso. Bayan mun gaisa ya faɗi abin da ya kawo shi. Ɗansa ya tafi arewa shekara biyu da suka wuce. Ya yi ta kira daga Agadas, daga baya daga wani wuri gaba da can, sai kiran ya yanke, wata tara ke nan ba a ji muryarsa ba. Wani direba mai bin hanyar ya yarda zai riƙa nuna hotonsa a tashoshi da bakin rijiyoyi, amma a gidan duka babu hoton yaron ko ɗaya. Matar ɗan ce ta tuna cewa a shagona ya ɗauki hoto mako guda kafin tafiyarsa. Direban kuwa ran Juma'a zai tashi.

Na ce, "Zamna, Baba. Minti biyar ka tahi da hotonka."

Har yau ina jin kunyar yadda na faɗi maganar nan, da ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na jona diskin, sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙyasta ashana mai sanyi. Bai fito a fuskar ordinatar ba. Na sake waya, na sake rami, na kashe na kunna. A nan ne na tuna cewa shekaranjiya kuran, wato wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi har ya ƙona fankar, ni kuwa fankar kawai na yi wa jaje. Zufa ta jiƙe mini riga. Dattijon yana zaune kan benci ya ɗora hannuwa kan sanda, yana kallona kamar yadda ake kallon likita. Na ce masa injin ne ya ɗan yi zafi, ya dawo ran Alhamis. Bai tambaye ni kome ba. Ya ce zai sauka wurin wani ɗan uwansa kusa da kasuwar dabbobi.

Na hau kabu-kabu da diskin naɗe cikin hula zuwa wurin wani mai gyara da ya koyi aiki a Sakkwato. Ya kara shi a kunne, ya saurara, sannan ya tambaye ni ina ɗayan kwafin. Da na ce babu, ya kalle ni ya kau da kai. Kwana biyu yana fama da shi. Ya ciro wani sashe daga mataccen diski irinsa ya dasa masa, ran Talata da hantsi abin ya farka. Ya ce kada in yi murna, wannan tashin mai jinya ne, a kwashi abin da za a iya kwasa yanzu. Ordinatar ɗina ba ta da wurin da za ta ɗauki wannan kaya, babban diski sabo kuma sai an aiko daga Yamai, ga shi ba ni da halinsa a lokacin. Sai ya ara mini wani tsoho nasa, da sharaɗin in mayar cikin kwana goma. Muka zauna muna kallon layin da ke nuna aikin yana rarrafe. Kafin azahar ta Laraba diskina ya yi ƙas sau biyu ya tsaya, bai ƙara tashi ba. Abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na buɗe wurin da na ajiye aikin mahaifina, na tarar da hotuna ƙalilan, sauran sunaye ne kawai babu kome cikinsu. Na fita bayan shagon mai gyaran na tsuguna jikin bango.

Da na dawo ya ce mini ko na sayi sabon diski, muddin yana ɗaki ɗaya da ordinatar, kuran ɗaya, zafi ɗaya, to mutuwa ɗaya za su yi. Ya ce akwai kamfanonin da ke ajiye wa mutum kayansa ta intanet, in nemi ɗaya tun kafin in mayar masa da nasa.

Ban san ta inda zan fara ba. Faransancina na firamare ne, bayanan kuwa duk dogayen kalmomi. Maƙwabciyarmu wata unguwarzoma ce ƴar Doso da aka turo aiki Tawa, muna ce mata Madam, ita ce na san tana aiki da ordinatar kullum. Matata ta je ta roƙe ta. Da la'asar ta zo rumfar shago da madubin idonta, ta karanta mini tana fassarawa da Hausarta ta Zabarmawa.

Kamfani na farko kyauta ne, amma wurin da suke bayarwa ba zai ɗauki hoton biki biyu ba. Na biyu da araha, har na ce a tsaya nan, sai ta ce in dakata. Ta yi mini bayani cewa shi madubi ne kawai: abin da na goge a nan ya goge a can, abin da ya lalace a nan lalataccen zai hau ya danne mai kyau. Na uku yana riƙe tsohon kwafi na wani lokaci, kuma in reso, wato layin intanet, ya yanke yana ci gaba daga inda ya tsaya. Amma sai da katin banki, wanda ban taɓa mallaka ba, kuma in mutum ya daina biya za su jira kaɗan su share kome. Akwai na huɗu da mai gyara ya ba ni lambarsa, wani mutum a Yamai mai ajiye wa ƴan kasuwa kaya cikin injin ofishinsa, yana karɓar kuɗi ta waya. Na kira shi a gabanta. Yana da daɗin magana. Da na tambaye shi in injinsa ya ƙone fa, ya ce Allah ya kiyaye. Da na tambaye shi wa ke iya ganin abin da ke ciki, ya ce shi kaɗai da ma'aikatansa.

Wannan ce ta fi tsaya mini a rai. Cikin kayan nan akwai amare ba mayafi, da matan mutane ranar suna a cikin ɗakunansu, waɗanda suka bari na shiga don sun san ubana. In hoto ɗaya ya fita ya shiga wayoyin gari, ba shagon kaɗai zan rufe ba, Tawa zan bari. Madam ta ce na ukun yana kulle kaya tun kafin su bar ordinatar, da kalmar sirri da ni kaɗai zan sani, amma in na manta ta ko su kansu ba su iya buɗewa. Na ji kowace ƙofa da ramin da ke bayanta. Na ce mata kaina ya ɗaure, ta bar ni sai an kwana biyu. Ta ce kwana goman ba jirana za su yi ba.

Ran Alhamis da safe dattijon ya dawo. Ban sake yi masa ƙarya ba. Na gaya masa abin da ya faru tun daga fanka har zuwa ƙarshe, na ce sakacina ne. Hotunan watan da ɗansa ya zo suna cikin waɗanda suka fito, sai dai da yawa sun lalace, kuma ni ban san fuskar yaron ba. Dole ya zauna kusa da ni mu duba tare. Na riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ƴaƴan mutane suna wucewa a gabanmu, kowa ya ƙame da sabuwar riga. Yana girgiza kai. Wasu ba su buɗe ba sam, kuma duk wanda ya ƙi buɗewa sai gabana ya faɗi. Mun wuce sittin ko fiye, sai wani ya fara sauka daga sama: suma, goshi, gira, idanu. Daga nan zuwa ƙasa toka ce zalla. Dattijon ya miƙa yatsa ya taɓa gilashin.

Ya ce, "Shi na."

Na rufe na sake buɗewa har sau biyar, ko sauran za su sauko. Na aika wa mai gyara, ya ce abin da babu, babu shi. Dattijon ya sauke rawanin daga bakinsa, karo na farko da na ga fuskarsa duka, ya tambaye ni ko zan iya ƙara wa yaron hanci da baki, tunda ya ji ana yin haka da inji. Ina iyawa. Amma hancin wani zan ɗauko da bakin wani, in ba direba fuskar da babu mai ita a duniya. Na gaya masa haka. Sai ya ce yaron yana da tabo a haɓa, inda raƙumi ya taɓa shurinsa, kuma haƙorinsa ɗaya na gaba ya ɓalle. Na wanke rabin fuskar kwafi goma manya, na rubuta siffofin a baya da Hausa, Madam ta ƙara da Faransanci da ta taso daga aiki. Ya kwance bakin rawani zai biya, na riƙe hannunsa. Da zai fita ya juyo ya ce, "Kai ma ka yi rashi, ɗana. Allah shi mayar da alheri." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na je gidan Madam na ce na ukun za a yi. Ta sa katinta, ni kuma in riƙa ba ta kuɗin a hannu. Na zaci an gama. Da aka fara turawa, injin ya ce sauran kwana tara, can ya ce wata huɗu, can ya daina faɗin kome. Reson unguwarmu sai bayan sallar asuba yake da ɗan ƙarfi, rana na ɗagawa ya mutu. Na koma ɗaukar ordinatar zuwa gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, kusa da dogon ƙarfen waya, wurin wani mai shayi, ina zaune kullum har batir ya ƙare, shago a rufe, masu son hoto suna wucewa wurin wani. Tunda ba duka za su hau ba, dole in zaɓi wanda zai riga. Na fara da hotunan matafiya, don ƙanana ne kuma yanzu na san ranar da ake nemansu. Sai ɗan abin da ya saura na mahaifina. Bukukuwa suka zo ƙarshe.

Kwana goma suka cika ban kai ko'ina ba. Na roƙi mai gyara ya ƙara mini mako biyu, ya ƙara yana gunaguni. A ƙarshe matata ta sayar da ragon da take kiwo, muka aika Yamai aka sayo sabon diski, wanda yanzu yake kwana a gida ba a shago ba. Aikin tura kayan bai kammala ba sai da ruwan farko ya sauka. Cikin wannan lokaci mutane da dama sun zo neman hoton aurensu ko na iyayensu da suka rasu, na tsaya gabansu ɗaya bayan ɗaya ina cewa babu. Wata mata ba ta ƙara gaishe ni ba har yau.

Direban ya je ya dawo sau biyu. Wasu mutanen Takanamat da suka zo kasuwa sun ce mini wani a wata tasha ya ce kamar ya san idanun, amma bai tabbata ba, kuma maganar ba ta kai ko'ina ba. Har ranar da nake wannan rubutu ba a ji labarin yaron ba, dattijon kuma bai sake shigowa Tawa ba, ko ya shigo bai biyo ta wurina ba.

Ranar da aka gama na kai ordinatar gida, Madam ta shigo ta ce ajiyar da ba a gwada ɗaukowa ba ba ajiya ba ce. Ta sa na goge hoto ɗaya daga ordinatar da hannuna, na sunan ɗiyata ta fari. Na danna. Muka shiga can muka kira shi, ya ɗauki kusan rabin awa yana saukowa, ya iso cikakke har ƙasa. Sai ta tambaye ni wa ya san kalmar sirrin ban da ni. Na ce babu. Ta aika aka kira matata daga cikin gida, hannunta da sauran ƙullun fura, ta zaunar da ita gaban ordinatar ta ce in koya mata tun daga kunnawa.