Baban Tsutsa Ya Ajiye Gatari

Kafin a buɗe ƙofar gandun daji yana nan tsaye, gatari a kafaɗa, gorar ruwa a hannu. Aikinsa share hanya: duk bishiyar da iska ta kayar, shi ke kawar da ita. Sauran leburori kan cinna wa ruɓaɓɓen gungume wuta su huta. Shi kuwa sai ya kara kunne a jikinsa tukuna, kamar mai sauraron gulma a bayan ƙofa. In ya ji ƙas-ƙas, ko ya ga garin itace na zubowa daga 'yan ramuka, magana ta ƙare. Zai ja shi inuwa, ya kwantar da shi ta gefen da yake kwance tun farko don kada damshin ya bushe. Haka aka laƙaba masa Baban Tsutsa, kuma yana amsawa.

Na taɓa tambayarsa abin da ke ciki. Ya ce, “Uwar ƙwaro ce ta yi ƙwai a tsaga. 'Ya'yan za su yi shekara da shekaru suna ci a duhu, sannan su kwanta, su fito da ƙaho da baya mai sheƙi. 'Yan makonni kawai za su sha iska. Ni zan hana su?”

Yanzu gwiwa ta ƙi, zai yi ritaya. Masu gawayi sun fi 'ya'yansa tambayar lafiyarsa, don sun daɗe da ƙyalla ido kan gungumansa. Ya san da haka, har ya rame.

Matarsa kuwa ta shekara tana mita: “Miji a daji yake wuni, ni ina neman itacen girki!” Makon jiya tana faskare a tsakar gida, sai ga farar tsutsa ƙatuwa a naɗe. Maƙwabta sun ga ta haɗe itacen, ta ɗaure da tsumma, ta ɗora a ka ta nufi daji. Da ta dawo ta ce masa, “Malam, ban da dariya. Na mayar maka da 'yarka.” Bai yi dariyar ba, hawaye ya share.

Baban Tsutsa, kai ne ka tausaya wa abin da ba ya iya ce maka sannu. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Mu kuma da muka sha yi maka dariya, gadin gunguman ya dawo kanmu. Kafin mu ɗaga gatari, mu kara kunne.