'Yan Dakon Yaya Sani

Shekara shida ke nan da muka binne Yaya Sani a ƙasar Riyad, muka kakkaɓe hannu, kowa ya koma bakin aikinsa, don ranar ba ta hutu ba ce. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, daga Maradi. Ni Laminu ina tsaron wani shagon kayan masarufi a Al-Murabba, shi kuwa ɗan dako ne a manyan ɗakunan ajiya na Al-Sulay, inda ake sauke tireloli da ƙarfin ƙirji. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da ya shiga tsakanina da amininsa Malam Isufu, mutumin Damagaram, wanda yanzu ko sallamata ba ya amsawa.

Duk wanda ya san Yaya ya san shi da abu biyu: ɗamarar da yake ɗaurawa a ƙugu, da ƙwallon Amurka. Ba ƙwallon ƙafa da kowa ya sani ba, wancan mai siffar gwanda da ƙarti ke sa kwalkwali suna karo a kansa. Kafin dako direba ne a wani gida. Ɗan mai gidan ya dawo karatu daga Amurka da ciwon wasan, kullum yana bayan mota yana kallo a waya yana ihu shi kaɗai. Yaya da tambaya kamar me, a hankali har ya gane kan abin. Da gidan suka samu direba mai jini a jika, sai suka mayar da kafalarsa, wato takardun aikinsa, hannun wani kamfanin dako. Abin da ya fito da shi daga gidan shi ne son ƙungiyar wani gari mai dusar ƙanƙara, garin da bai taɓa gani ba, bai ma iya faɗin sunansa daidai ba.

A cikin 'yan wasan ma ba kowa yake kallo ba. Mai jefa ƙwallo, wanda duniya ke yi wa tafi, Yaya ya ce wannan ai mudir ne, yana tsaye a baya yana ba da umarni, rigarsa fes. Nasa mutanen su ne masu gudu da ƙwallo. Su ba a jefa musu, a ciki ake danna musu ita, su rungume, su sunkuyar da kai su kutsa cikin katangar mutane. A kayar da su, a danne, su tashi su sake karɓa. Shi ya raɗa musu suna 'yan dako, har duk ɗakinsu ya ɗauka. Idan ɗaya ya ratsa ya wuce, sai ka ji Yaya ya buga cinya ya ce, “Kai! Namu ne wannan!”

Wasan yana da dogon hutu. Ana rufe kakar wasa cikin sanyi, ba a buɗewa sai zafin Riyad ya gama gasa mutane. A watannin nan babu abin kallo, sai buri. Magoya baya su cika waya da lissafin wa za a saya, wa zai warke, wa zai fi bara. Wannan lokaci Yaya ya fi so. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci nakan je wurinsu a sakan, wato gidan kwanan ma'aikata, a ɗora shayi, shi kuma ya buɗe majalisa. “Ku bari kaka ta zo,” yakan ce, “'yan dakonmu za su tashi, sai kun riƙe baki.” Malam Isufu, wanda bai taɓa zama ya kalli wasan ba, sai ya ce, “Sani, tun da na san ka suke shirin tashi. Ko sun ƙage ne?” A kwashe da dariya, Yaya ya yi tsaki ya ƙara wa kansa shayi.

A shekararsa ta ƙarshe majalisar ta canja. Akwai wani ɗan dako cikin 'yan wasan da ya fi ƙauna, ya sa masa suna Bajimi, wanda gwiwarsa ta tsinke a ƙarshen kaka. Magoya baya suka rabu biyu: wasu na cewa a jira shi, mafi yawa na cewa ya ƙare, a kawo yaro sabo. Yaya ya ɗauki maganar da zafi fiye da kima. Na tuna wata Juma'a da wani ya ce ai wanda ya karye ya karye, Yaya ya ajiye kofi da ƙarfi har shayi ya zube. Ya ce, “Mutum ya yi muku shekaru yana ɗaukar kaya, rana ɗaya ya ce wash, sai ku ce a jefar? Zai dawo. Wallahi zai dawo, ku dai ba shi lokaci.” Na lura ba wanda ya tsokane shi, har Malam Isufu. Na lura kuma da ɗamara a ƙugunsa, alhali ranar babu aiki. Na ɗauka sabo ne.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. 'Yan dakon Sulay suna da wata al'ada da suke kira rufi. Idan ɗayansu ya ji ciwo, ba a faɗa wa mudir, ba a zuwa asibiti. Ba don babu asibitin ba. Tsoron shi ne likita ya rubuta cewa kada ya ɗauki nauyi na wasu watanni, takarda ta je ofis, lokacin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ya zo a ce ba a bukatarsa. To sai abokai su rufa masa. A sa shi tsakiyar layi inda ido ba ya kaiwa, a miƙa masa kwalaye marasa nauyi, idan mudir ya doso wani ya yi tari, shi kuma ya miƙe ƙyam. A ba shi ƙwayar kashe zafi, a ƙara tamke masa ɗamara. Zumunci ne, ba zan ce ba zumunci ba ne. Mutane da yawa sun warke a ƙarƙashin rufi, iyalansu a gida ba su ma san an yi ba.

Yaya ƙaba ce ta kama shi. Kumburi ya fito masa a mara, idan ya kwanta ya koma, idan ya ɗauki kaya ya fito. Watanni suna rufa masa, kuma ya sa suka yi masa alkawarin ba za su gaya mini ba, don ya san halina. Wata rana bayan la'asar Malam Isufu ya kira ni ya ce in zo asibiti. Kumburin ya ƙi komawa tun jiya, Yaya ya yini yana amai, yana cewa a ƙara ɗaure shi zai wuce. Ko da aka shiga da shi hanjin ya shaƙe, ya riga ya lalace. Likitan ya dube mu ya ce da an kawo shi tun farko, aikin ƙarami ne. Wannan magana ta fi mutuwar kanta ci mini rai, har yau.

A bakin maƙabarta na fuskanci Malam Isufu. Na ce, “Malam, kuna kwana ɗaki ɗaya da shi, kuna kallo yana mutuwa, ku ce rufin asiri kuke yi?” Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Laminu, yana da 'ya'ya a Maradi, ga Inna. Shi ya roƙe mu. Da kai ne a layin nan, da haka za ka yi.” Na ce ba zan yi ba. Ya ce, “Allah ya sa kada a gwada ka.” Na daɗe ban je Sulay ba, amma fushi a baƙon gari ba ya daɗewa, don ba ka da wasu. Na koma shan shayin Juma'a. Bajimi kuwa ƙungiyar ta sallame shi tun kafin a buɗe kaka. Yaya bai ji ba, kuma wannan kaɗai ne abin da na gode wa Allah a kai a shekarar.

Ni da nake yi masa dariya, ni na gaji kallon. Ban san lokacin da abin ya shige ni ba. Sau da yawa nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Da ya ga jirgin cikin gari da ke rage mini rabin hanyar Sulay, na san zai ce an yi wa direbobi yankan baya. Da ya ga injinan ɗaukar kaya da suka ƙaru a ɗakunan ajiya, zai yi murna, sai kuma ya lura layin mutanen ya gajarce. Amma abin da zai fi ɓata masa rai shi ne bakin magoya bayan ƙungiyarsa. Yanzu haka ana cikin hutu, waya ta cika da buri. An kawo sababbin 'yan dako, yara ƙanana, kowa na rantsuwa cewa kaka mai zuwa za su kwashe kowa. Wanda ya ɗauki nauyin ƙungiyar bara, aka rera masa waƙa, yanzu cewa suke ƙafarsa ta yi nauyi, a rabu da shi tun kafin ya zube. Ba sa jin kunyar faɗa. Idan na karanta sai in ji kamar ina tsaye a ƙofar ofishin mudir. Abin da ya fi ba ni haushi, wani lokaci nakan kama kaina ina gyaɗa kai, don ni ma ina son ƙungiyar ta ci.

To ana cikin wannan hutu na bana gwajin da Malam Isufu ya ambata ya zo. Wata Juma'a na shiga ɗakin, na ga Malam Isufu ya zo zama, sai da ya dafa bango, ya sauka a gefe ɗaya, hannunsa a mara. Na san wannan zama. Na dubi ƙugunsa, ga ɗamara a ƙarƙashin jallabiya, ran Juma'a. Na dubi sauran, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Na ce, “Malam, tun yaushe?” Ya ce ba komai, iska ce. Da na matsa, ya ja ni waje ya riƙe mini hannu. Ya ce, “Ƙanena, saura kaɗan a sabunta mini iƙama. Ka bari a sabunta, ni da kaina zan je asibiti. Don darajar Sani ka rufa mini.” Dattijo ne mai furfura, yana roƙona idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa to.

Na yi ƙarya, kuma ban yi nadama ba. Washegari da safe na nemi izini a shago, na tafi Sulay, na shiga ofishin mudir na gaya masa cewa yana da ma'aikaci mai ƙaba a layi, kuma irinta ce ta kashe yayana a wannan wuri. A ranar aka kai Malam Isufu asibiti. An yi aikin, ya tashi lafiya. Likita ya rubuta abin da kowa ya san zai rubuta. Da lokacin iƙama ya zo ba a sabunta ba, aka buga masa bizar fita ta dindindin. Duk abin da yake tsoro ya faru, ɗaya bayan ɗaya, kuma ta hannuna. Ranar da zai tafi na je yi masa rakiya, ya wuce ni da jakarsa kamar bai ga mutum ba. Mutanen ɗakin ba su kore ni ba, amma Juma'ar da ta biyo aka zuba shayi aka tsallake ni. Ban sake komawa ba.

Ina zaune ina auna abin da ya rage na Yaya. Kabarinsa babu suna, kamar sauran na garin nan, ko na je sai dai in yi wa fili addu'a. 'Ya'yansa sun girma da hotonsa a waya. Ƙungiyarsa ba ta san an yi shi ba. Majalisar Juma'a ita ce ta rage, ita ma ga shi na rasa ta. Ban sani ba ko da yana raye zai goyi bayana. Mai yiwuwa ya zage ni, ya ce na ci amanar layi, na cire abinci daga bakin 'ya'yan mutum. Amma shi ne ya ajiye kofi ranar nan ya ce a ba mai ciwo lokaci ya dawo. Ƙungiya ba ta ba Bajimi ba, kamfani bai ba Malam Isufu ba, rufi kuma bai ba Yaya ba. Ni abin da na iya ke nan, kuma na san bai isa ba.

Kaka ta kusa buɗewa. Zan kalli sababbin yaran, zan ga an danna musu ƙwallo a ciki sun sunkuyar da kai, kuma na san wasunsu tuni suna ɓoye wani ciwo. Ran Juma'ar da ta wuce, lokacin shayi, na kira lambar Malam Isufu a Damagaram. 'Yarsa ce ta ɗauka. Na gaishe ta, na ce ta ba ni babanta. Na ji ta yi magana, sai na jiyo muryarsa daga can cikin gida, garau, da ƙarfinta, yana cewa, “Ce masa ba na nan.” Na kashe wayar na zauna a bayan kanta, hawaye suka zubo mini. Wallahi da Yaya zai faɗa mini haka, da kullum sai na kira shi.