Rumfar da Aka Hana Masta Seidu

Da safen nan, ko ƙofar shago ban gama ɗagawa ba, waya ta yi ƙara. Memuna ce, 'yar Masta Seidu. "Kawu Fuseini, Baba ya cika."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a kan wani tsohon giyabos na mota.

An kai shi bayan azahar. Na dawo na buɗe waya, sai ga hotonsa ko'ina. Kanikawan tsohon filin gyara na Maamobi sun jeru: "Mun yi rashin uba." "Bango ya faɗi." Wani har da 'yan hotunan hawaye.

Uban wa? Cale, abokaina, ku yi a hankali. Wasunmu muna nan da rai, kuma kanmu bai juye ba tukuna.

Yaran yanzu, ku matso ku ji.

A shekarun tamanin, kusan kowace tasi a Accra da kontak take tashi. Wasu 'yan ƙarafa ne biyu a cikin distirbuta, suna buɗewa suna rufewa kamar bakin kifi, su ke sa fulogi ya ba da wuta. Suna ƙonewa, suna datti, ratar da ke tsakaninsu tana gocewa. In aka yi ruwan sama kuwa, sai mota ta yi yaji.

Wannan 'yar cutar ita ce gonar mutanen filin. Kullum da safe direbobi sun yi layi. Makaniki ya goga kontak, ya auna rata da kwalin ashana, ya daki bonet, a ba shi na koko. Bayan 'yan kwanaki ka dawo. Akwai waɗanda da gangan suke barin ratar yadda ba za ka daɗe ba ka dawo. Na san su, don ni ke sayar musu da kontak ɗin a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai. Ban taɓa kuka da tsarin ba. Ɗan kasuwa ne ni, ba limami ba.

Sai kayan hom-yus suka fara shigowa, wato kayan da ake cirowa daga tsofaffin motocin waje. A cikinsu akwai distirbuta marar kontak, mai ɗan baƙin akwati a gefe. Ba gogewa, ba aunawa. Kowa ya ɗauka, ya jujjuya, ya ajiye.

Seidu ne ya zo shagona ya tsuguna a kanta har ƙafarsa ta sage. Ya ce, "Naɗe min."

Ya ɗaura ta a Datsun ɗin wani direba Kwaku. Damina ta zo ta wuce, ba a ga Kwaku a layin safe ba. Direbobi kuwa ba su iya riƙe baki. Layi ya fara karkata zuwa rumfar Seidu.

Kuma kada wani ya ce muku kowa yake sa wa akwati. Tambayarsa ɗaya ce: "Ina kake zuwa da ita?"

In ka ce nan cikin gari, Nima zuwa Circle, Circle zuwa Nima, ya sa maka. In ka ce Bawku ko Yamai, sai ya girgiza kai. "Riƙe kontak ɗinka. Kontak yana tari kafin ya mutu, ko a daji ka lallaɓa shi da wuƙa ya kai ka gari. Akwati ba ya jinya, faɗuwa yake yi."

Wanda ya sa wa kuma, sai ya naɗe tsohuwar distirbutarsa a tsumma ya tura cikin but. Ba zai bar ka ka tafi ba sai ka cire ka mayar da hannunka a gabansa. Ka yi kuskure ya ce, "Hannun nan don cin waakye kawai aka yi shi?"

Eh, yana da baki. Bai iya sannu ba koraa, ko kaɗan. Shekarar da ruwa ya shiga shagona, ya zo ya naɗe wando ya yini yana kwashe laka da ni, bai ce min Allah ya kiyaye gaba ba. Da zai tafi ya ce, "Wawa ne ke ajiye kaya a ƙasa." Washegari ya aiko min da katako na yi kanta.

To, rannan da tsakar rana akwatin Kwaku ya faɗi a Circle, mota cike da fasinja. Aka ce buɗe but. Babu komai. Gogan ya daɗe da sayar da tsohuwar ya sha da kuɗin.

Aka turo motar har Maamobi.

Ban taɓa ganin manyan mutane masu gemu sun yi murna da wahalar wani irin ta ranar ba. Har da masu kiɗa da galan.

Sarkin kanikawan filin, Alaji Bawa, ya kira taro. Ya rasu, ba zan taɓa shi ba, Allah ya jiƙansa. Amma waɗanda suka zauna a hagunsa da damansa suna nan, yau ma na gan su suna ture mutane don su kama makara.

Alaji ya ce, "Seidu, abin da ba a buɗewa, ba a gyarawa, sai dai a jefar, wannan sana'a ce?"

Seidu ya ce, "Alaji, sana'a ita ce mota ta tashi."

Suka yi ta kewaye-kewaye. Wai akwatin yana cin batir. Akwatin yana ƙona inji. Wani ma cewa ya yi ba a san abin da Nasara ya rufe a ciki ba. Har dai wani daga baya ya gaji ya faɗi gaskiya: "To in motoci suka daina zuwa da safe, mu ci me?"

Shi kaɗai nake girmamawa a cikinsu.

Seidu ya ce, "Ku zo in koya muku. Duk wanda ke so, kyauta. Abin nan zuwa yake yi, ko da ni ko ba ni."

Wai su, mastoci, su tsuguna a gaban wanda suka riga shi riƙe sifana? Allah ya sawwaƙe. Gara yunwa.

Na ɗaga hannu zan yi magana, aka ce min mai shago ba shi da baki a taron masu baƙin mai.

Hukunci ya fito: ko ya daina sa akwati, ko ya bar rumfarsa. Rumfar da ya yi koyon aiki a cikinta, ya kafa ginshiƙanta da hannunsa bayan iska ta kwashe ta farko.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi ya kira mai kura.

Yana loda kayan aikinsa, ba wanda ya kama masa ko jak. Suna zaune suna tauna goro.

Ya koma bakin babbar gota ta Nima, gefen titi, da lema irin ta masu sayar da koko. Rana a kansa, wari a hancinsa. Nan ya yi shekarun ƙarfinsa duka. Direbobi sun bi shi, bai rasa abinci ba. Amma mutum ba abinci kaɗai yake nema ba. In ya gaishe su a masallaci, su amsa da hanci. Ranar sunan Memuna an dafa shinkafa da lissafin mutanen filin. A tukunya ta kwana.

Ya ji zafin abin paa, ƙwarai da gaske. Bai taɓa faɗa ba, amma na lura ya daina bin titin filin. Gara ya zagaya.

Kafin shekarun casa'in su ƙare, motocin da ke shigowa duk da akwatinsu suke zuwa. Layin safe ya mutu da kansa. Sai ga mastocin nan suna sulalowa shagona ɗaya-ɗaya, ana rage murya: "Fuseini, wai wace waya Seidu ke haɗawa da wace?"

Na ce, ku je ku tambaye shi, bakin gota ba shi da ƙofa.

Yau ku je filin ku karanta allunansu. Kowa gwanin akwati ne. In kuma ɗan masu kuɗi ya kawo tsohuwar motar kakansa ya ce orijina yake so, nan take su koma gwanayen kontak, suna ba shi labarin yadda suka kare gadon sana'a. Duk inda iska ta kaɗa, nan addininsu yake.

Ganina da shi na ƙarshe, kafin azumin bana ne. Yana zaune a ƙofar gida, ido ya yi rauni, bakin dai yana nan. Na tarar wani saurayi ya faka tsohuwar Marsandi tana ƙyalli, ya rusuna yana tambaya, "Olman, dattijo, in bar mata kontak ko in sa akwati?"

"Ina kake zuwa da ita?"

"Biki kawai, da ɗaukar hoto."

"To ɗaura mata igiya a riƙa jan ka."

Na yi dariya har na ƙware. Shi ko murmushi bai yi ba. Amma bai bar yaron ya tafi ba sai da ya sa shi ya tada motar, ya kasa kunne, ya ce masa ya bar ta yadda take, ya koyi goge kontak da kansa.

Bayan yaron ya tafi ya ce min mutanen filin sun aiko. Suna so su mayar masa da rumfarsa, su naɗa shi uban ƙungiya.

Na ce, "Masta, ka karɓa mana, ko don a ce ka koma."

Ya ce, "Fuseini, inuwar da aka hana ka da tsakar rana, me za ka yi da ita da magariba?"

Ban san ita ce maganarmu ta ƙarshe ba.

Ɗazu da muka dawo daga maƙabarta, mutanen filin suka shigo gidan da manyan riguna. Suna so a yi addu'ar uku a filin, daidai inda rumfarsa take. Za su kafa kanofi, su rataya ƙyalle mai sunansa, su kira masu ɗaukar bidiyo.

Memuna ta dube ni. Na ce mata, "'Yata, ubanki ne. Maganar taki ce."

Ta gyara mayafi, ta rusuna musu yadda ya kamata, ta ce, "Iyayena, mun gode. Amma Baba bai koma wurin nan da ƙafarsa ba. Ni ba zan mayar da shi da sunansa ba."

Suka tattara rigunansu.

Saboda haka addu'a a ƙofar gidansa za a yi, cikin lungu, a kan tabarma. Duk direban da ya taɓa tsayawa a bakin gotar nan, ya zo. Mutanen filin ma ba a hana su ba, in za su iya zama a ƙasa.

Ya Allah, ga bawanka Seidu ya zo maka. Ka yafe masa kaifin harshensa, ka duba tsarkin hannunsa. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya masa makwanci, ka ba shi gidan da babu mai kiran taro a kansa. Ka ba Memuna da mahaifiyarta haƙuri.

Kai da ka karanta har nan, kada ka bar min hoton hawaye. Ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka roƙa masa gafara.