Gidan Tsofaffin da Ya Koma Siton Taki

A shekarun da aka fara Shari'a a Kano ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo, albashi kuwa sai mu manta kamanninsa kafin ya zo. Babana yana ƙauyenmu Gammo shi kaɗai tun rasuwar innarmu. Yayana yana Legas yana aikin gadi, ni kuma ɗaki biyu muke haya da maigidana da yara. Na yi na yi Baba ya dawo wurina, ya ce shi ba ya kwana gidan suruki.

Yana da ciwon suga, sai ƙaya ta soke shi a gona, ƙafar ta ƙi warkewa. Aka kwantar da shi a asibiti, aka yi ta wanki, aka sallame shi, ya koma ɗakinsa na ƙasa wanda damina ta jiƙe wa bango. Ba a jima ba muka sake kwaso shi, ƙafar ta kumbura tana wari.

Nas ɗin da ke wanke masa ciwon maƙwabciyata ce, 'yar kudancin Kaduna, mace mai faɗin gaskiya ko za a ji haushi. Ta ja ni gefe ta ce, "Malama, aikin banza muke yi. Mu wanke a nan, ya koma ya taka danshi, ya ci abin da ya samu, ba mai duba shi. Baba ɗaki busasshe yake bukata, da mai dafa masa, da wanda zai leƙa ƙafar nan. In babu ɗaya, sauran ma ba su da amfani."

Na shiga ofis-ofis a ƙaramar hukuma. Masu kula da lafiya suka ce gyaran ɗaki ba nasu ba ne. Masu ayyuka suka ce su gini suka sani, ba marar lafiya ba. Na jin daɗin jama'a suka ba ni kujera, suka yi mini addu'a, suka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu.

Ana haka sai ga wani Alhaji ya zo dubiya, abokin Baba tun suna yara, ɗan kasuwa a Kabo. Lokacin kowa yana ɗokin aikin lada, shi ma sun kafa wata ƙungiya ta taimakon gajiyayyu, shi ne shugaba. Ya zauna bakin gadon Baba ya ji abin da nas ta faɗa, ya buga cinya.

"Ai wannan shi ne Musulunci! Gida za mu gina wa tsofaffi, da rijiya, da mai girki, malamar asibiti tana zuwa. Fili kawai muka rasa."

Baba yana da fili a bakin titi a Kabo, gadon mahaifinsa, abin da ya rage masa ke nan ban da gona. Na ce a dakata yayana ya zo. Baba ya harare ni.

"Tare aka yi mana kaciya da mutumin nan. Shi zan sa wa ido?"

Da ya samu sauƙi aka kai shi masallaci, ya bayar da filin saboda Allah a gaban jama'a. Alhaji ya kama hannunsa ya ce ɗakin farko, mai kallon gabas, na Baba ne har ƙarshen ransa. Mutane suka yi kabbara. Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba sai ran nan.

Gini ya tashi da gaske. Duk ranar kasuwa Baba sai ya sa a goyo shi a babur ya je ya ga inda aka kai. Ya riƙa gaya wa tsofaffin Gammo har da na Dugabau cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, wuri yana nan tafe. Wata tsohuwa makauniya ta aiko a tambaye shi ko za a bar ta ta zo da akuyarta.

Aka yi rufi, aka sa ƙofofi, sai shiru. In na je wurin Alhaji sai a ce yana Kano. Damina ta sake kamawa, bangon ɗakin Baba ya zube a kan buhunan hatsinsa, Allah ya sa yana waje. Dole ya biyo ni Gwarzo, muka gyara masa zaure. Maƙwabciyata ta riƙa shigowa kullum bayan ta tashi aiki, tana wanke ƙafar ba ta karɓar komai, har aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa.

Ranar da na sake zuwa Kabo, na tarar da babbar mota a ƙofar ginin ana sauke taki. An jera buhuna har saman ɗakin nan mai kallon gabas. Alhaji yana tsaye yana ba da umarni. Na durƙusa na gaishe shi, muka gaisa har ƙarshe, sannan na ce, "Baba Alhaji, ina maganar ɗakin?"

"'Yata, gida ba ya tafiya sai da abin riƙe shi. Mun ba da haya na ɗan lokaci, in an tara sai a kawo tsofaffin."

"Ƙafarsa fa ba za ta jira ba."

Ya juya ya ci gaba da magana da direba.

Na yi niyyar ɓoye wa Baba, amma wani mai babur ya riga ni. Na same shi a zaure ya juya fuska bango. Bai zagi kowa ba. Abin da ya fi cin sa shi ne tsofaffin da ya yi wa alkawari da bakinsa. Ya daina yarda a kai shi Gammo ko gaisuwar mutuwa, wai da wane ido zai dube su.

Kafin kaka aka yanke ƙafar. Bai daɗe ba bayan nan ya rasu a zauren nan nawa. Alhaji ya zo jana'iza, ya shiga sahun gaba, ya aiko mini da buhun shinkafa cikin gida. Maigidana ya ce in karɓa kada a yi surutu. Na sa aka mayar masa a kan babur, tun zaman makoki bai ma tashi ba.

Yayana ya so a kai ƙara. Malamin da muka tambaya ya ce kyautar da aka yi saboda Allah ba ta dawowa, sai dai a tilasta wa su Alhaji cika sharaɗi, shaidun kuwa duk 'yan ƙungiyar ne. Yayana ya koma Legas. Ginin yana nan, yanzu shaguna ne, akwai mai sayar da siminti da mai cajin waya.