Mai Tsaron Ƙofa da Kakata Ya Gana

Mu biyu ne kawai a gidanmu na Jakara, ni da kakata Ya Gana. Mahaifiyata ta rasu ina goye, babana kuma ya tafi kudu neman abinci, sai da sallah muke ganinsa. Da an idar da magariba, Ya Gana takan zauna gaban murhu tana jiran tuwo ya turara, ni kuma in raɓe a jikinta. Muna jiyo hayaniyar yaran maƙwabta ta kan katanga. Tunda ni kaɗai ce mai sauraro, sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanki."

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta wani mai tsaron ƙofar gari. An ba shi ganga, aka ce in ya hango maƙiya ya buga. Wata rana ya hango ayari daga nesa, tsoro ya kama shi, ya buga. Mayaƙa suka fita suka yi ta harbi. Ashe fataken garin ne ke dawowa, har da ƙanensa a cikin waɗanda suka mutu. Daga nan ya rantse ba zai sake taɓa gangar ba. Da maƙiyan gaske suka zo yana kallonsu ya yi shiru, suka cinye garin.

Na ce, "Ya Gana, to yaya ake so ya yi?"

Ta gyara itace ta ce, "Ke dai, 'yar nan. Ido ɗaya ba ya yanke hukunci. Laifin na waɗanda suka bar shi shi kaɗai ne a kan ganuwa."

Na girma na karanta lissafi, har na samu gurbin bincike a ƙasar waje. Aikina shi ne in kwaikwayi ƙwayoyin halittar jiki a kwamfuta, in ga yadda suke yanke shawara: yadda ƙwaya a jikin ɗan tayi take zaɓar ta zama zuciya ko fata, da yadda ƙwayar garkuwar jiki take gane lokacin kai hari. Duk sanda na ware ƙwaya ɗaya a lissafin, sai ta yi ta kuskure. Ko ta auka wa jikin da take karewa, ko ta ƙyale cuta ta wuce. In na bar ta ta ji saƙon maƙwabtanta, sai ta daidaita. Ranar da na fara ganin haka na yi dariya ni kaɗai a ofis, na kira Ya Gana in ba ta labari. Ta saurara ta ce, "Allah ya yi albarka," muryarta ƙasa-ƙasa. Na ɗauka layi ne ba kyau.

Bayan wata huɗu aka kira ni, aka ce ta rasu. Ko jana'iza ban samu ba.

Da na iso, maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa ta buɗe mini ɗakin. Ta ce shekara biyu Ya Gana tana fama da ciwo, har ta kai ba ta iya hura wuta.

Na ce, "Hajiya, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ita ta hana. Ta ce in kin ji, za ki bar karatun ki taho."

Har yau ina juya maganar nan. Da Ya Gana ta nemi in zo, da na taho. Ta san haka sarai, shi ya sa ba ta nema ba.