Mai Mayafi a Littafin Kaboyi

Ni dai tun ina ƙarami ba na karɓar abu yadda aka miƙo mini shi. Ko goro aka ba ni sai na ɓare na duba ko da tsutsa. Mahaifiyata takan ce da za a ba ni kyautar rijiya sai na tambayi wa ya tofa yawu a ciki. Wannan hali ya tsare ni daga abubuwa da dama, kuma shi ne ya sa na yi wa wani bawan Allah ɓarnar da har yau ban iya gyarawa ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, shekarun da kuɗin mai suka fara zagayawa har malamin makaranta ya iya hawa babur. Wani direban babbar mota mai bin hanyar Kano yakan kawo mana littattafan Turawa waɗanda labarinsu duk zane ne, magana tana fita daga bakin mutum cikin 'yar da'ira. Mu uku ne muka kamu da su: ni, da wani tela da muke zama a rumfarsa bayan la'asar, da wani ɗan gidan malamai daga Gwaram mai zuwa duk ranar kasuwa.

Littattafan iri biyu ne, kuma a kansu muke raba rana muna gardama. Akwai na kaboyi, mutum da dokinsa da bindigarsa, yana bin sawun ɓarayin shanu a daji. Akwai kuma na wani ƙato mai mayafi a kafaɗa, wanda ke tashi sama ba fiffike a cikin birni mai dogayen benaye. Tela yana son mai mayafi, ina jin don ɗinkin kayansa ne kawai. Ni kuwa na tsane shi. Nakan ce kaboyi yana jin ƙishirwa, dokinsa yana gajiya, in aka harbe shi jini yake fita, duk wanda ya taɓa bin shanun da aka kora zai gane shi. Wancan kuwa tatsuniya ce aka yi wa fenti. Abokinmu na Gwaram ba ya jin Turanci, ni nake fassara masa, amma ra'ayinsa ɗaya da nawa, sai dai shi ba ya ɗaga murya.

Sana'arsa rubutu ce. Mahaifinsa babban malami ne, shi kuma yana kwafar littattafai da hannu, mutane suna ba shi aiki daga Gwaram har Fagam da Wurno. A wannan sana'a jarin mutum shi ne a yarda ba ya ƙari, ba ya ragi. Da ya ga damina tana sa 'yar wayar da ke riƙe tsakiyar littattafanmu tsatsa har takarda tana ruɓewa, sai ya ce a bar masa. Yakan tafi da su gida, ya cire wayar, ya raba su warƙa-warƙa, ya sa 'yar alama da ajami a gindin kowace don kada su rikice, sannan ya haɗa su tsakanin kwali biyu da ya lulluɓe da fata, ya ɗaure da igiya. Yadda ake yi wa littafin karatu haka ya yi wa kaboyi. Hannunsa kuma yana da zane. Ya taɓa kwafar dokin kaboyi a bayan wata takarda, da ƙyar na bambance shi da na asali.

Wata rana aka tura ni kwas na mako biyu. Direba ya zo bai same ni ba, ya ba wa mutumin Gwaram sabbin littattafai. Da na dawo na tarar ya riga ya warware su ya ɗaure. Muka zauna a rumfar tela na fara fassara. Labari yana tafiya daidai, kaboyi ya tsaya a bakin rijiya yana shayar da doki. Na ɗaga warƙa ta gaba, sai ga mai mayafi yana saukowa daga sama, ya dira kusa da doki, ya miƙa wa kaboyi hannu.

Tela ya fashe da dariya, ya ce ashe dai sun san juna, gardama ta ƙare. Ni kuwa na ce ba zai yiwu ba. Kaboyi a zamanin doki yake, kafin mota, wancan kuwa jirage yake tsere da su, ina suka haɗu? Na fara cewa warƙoƙi ne suka cakuɗe, amma ga su nan su biyu cikin zane ɗaya, hannu cikin hannu. Daga nan zuciyata ta koma kan dokin nan da aka taɓa kwafa mini. Na tuna cewa babu wanda ya ga littafin da wayarsa sai mutum ɗaya. Na tuna kuma ya yi kwana goma sha da shi. Na lashi babban yatsana na murza a kan mayafin, sai ga launi ya biyo yatsa. A wurina shari'a ta ƙare, ban ko yi tunanin murza wata warƙar in gani ba.

Mutumin Gwaram ya dube ni ya ce, “Malam, yadda na same shi haka na ɗaure shi.”

Da na yi shiru a nan da ba a yi komai ba. Amma rumfar tela ranar kasuwa ba ta rabuwa da jama'a, kuma a kan benci akwai wani Alhaji daga Kiyako da ke jiran rigarsa, wanda na san ya ba abokin namu aikin wani littafin addu'o'i. Na gan shi sarai. Na ɗaga yatsana mai launi na ce, “Wanda ya iya ƙari a littafin kaboyi, me zai hana shi ƙari a wani?”

Tela ya tsayar da keken ɗinki. Abokinmu ya tattara warƙoƙin bisa alamominsu, ya ɗaure, ya ajiye a gabana, ya yi sallama ya fita. Ni kuma na zauna ina jin kaina gwanin da ba a yi wa wayo.

Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta sake zagayowa, zancen ya isa Gwaram, kuma ya bar kaboyi a hanya. Abin da ya isa shi ne ɗan Malam yana ƙari a takarda, malamin makarantar boko ne ya kama shi. Alhajin nan ya aika a dawo masa da takardunsa. Aka ce mahaifin abokin namu ya sa an tattaro duk abin da ɗan ya taɓa rubutawa, ya zauna a zaure da dattawa biyu suna bin sa layi-layi har kwana da kwanaki. Ba su sami ko ɗigo ba. Sai dai mutane ba su riƙe wannan ba, abin da suka riƙe shi ne har ubansa sai da ya bincike shi. Aiki ya ɗauke. Ya daina zuwa kasuwarmu, na ji ya koma gonar kawunsa a Fagam. Tela ya sha ce mini in je in ba shi haƙuri, ni kuma ina cewa ai ban ce ya taɓa littafin addini ba, tambaya kawai na yi. Ƙarya nake, na san abin da na jefa.

Bayan wasu shekaru na je Kano, na tsaya wurin wani mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Ina juya su sai ga wannan littafin, da wayarsa a tsakiya, ba wanda ya taɓa warware shi. Na buɗe wurin rijiya. Mai mayafi yana nan yana saukowa. Mai littattafan ya ce ai haka Turawan suke yi, kamfani ɗaya ne, sukan sa wannan ya leƙa labarin wancan don a sayi duka biyun. Na lashi yatsa na murza dokin kaboyi, na murza rijiya, na murza sararin sama. Ko'ina launi yana biyowa. Kunya ta rufe ni.

Washegari na hau babur na nufi Fagam. Na same shi a gona yana yi wa dawa huɗa, ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta. Ya karɓe ni da fara'a, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya tambayi tela. Na miƙa masa littafin na ce na zo ne in ce na zalunce shi. Ya buɗe daidai wurin ba tare da nema ba, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Ni ma ban so zuwansa ba, Malam. Ranar da na gan shi sai da na zare warƙar na ajiye gefe, na ce in na cire ta babu wanda zai sani, labarin ma ya fi kyau. Ta kwana uku a waje. Sai na ga ba ni na rubuta ba, ba ni da ikon ragewa, na mayar da ita.”

Sai na roƙe shi ya ɗaure mini wannan ma kamar yadda yake yi a da. Ya juya littafin, ya taɓa tsakiyarsa da yatsan da ya daina riƙe alƙalami, ya miƙo mini. Ya ce wayarsa da sauran ƙarfi, gara in bar shi haka, kowa ya gani da idonsa.